Alifin da Ke Takardar Na Allah

"Ba ni kankare shi, Baba."

Kadijatu ta ture wuƙar da Na Allah, ƙanen mahaifinta da ke riƙonta, ya aza a kan takardar. Tun safe yake safa da marwa a tsakar gida, ya zauna ya miƙe.

Shi ya gano haɗin makuba da toka da katsin marina, baƙi wuluk, wanda in aka shafa wa rumbu gara ba ta kusantarsa. Mai garin Kona ya ba shi takarda, marigayi mahaifin Kadijatu ya rubuta da ajami: shafen baki a rumbunan gari nasa ne shi kaɗai. Bana sai ga Sanda daga Attantane da irin haɗin, yana shafe gindin rumbu, bai taɓa bakin ba. Jama'a suka koma ga Sanda, Na Allah ya kai ƙara wajen mai gari.

A rubutun marigayin, alifi kaɗai ya raba baki da baƙi.

"Ɗan tsinke guda fa, ɗiyata! Ki cire shi, duk baƙin shafe ya zama nawa. Ni na ƙone hannuna kafin in gano abin nan."

"Na sani, Baba. Amma bakin rumbu Malam ya rubuta, don shi kaɗai kake shafewa lokacin."

"To ki nemi gidan da alifi zai ciyar da ke."

Liman ya tafi Hajji, babu mai karatu a garin sai ita. Da hantsi aka kira ta ƙofar mai gari ta karanta takardar. Sanda yana gefe yana murmushi. "Malama, a karanta a hankali, kar harshe ya goce wajen dangi."

Ta ce, "Kai dai riƙe naka harshen, mai lashe tukunyar wani."

Aka kwashe da dariya. Ta ɗaga takardar ta ce, "Baki." Mai gari ya sa ta maimaita, ta maimaita da ƙarfi. Ya yanke: bakin rumbu na Na Allah, gindi na kowa.

Kafin azahar ta tarar da ƙullin kayanta a bakin zaure. Ta ɗauka, ta kama hanyar garin Cake, wajen innarta, ba ta roƙi kowa ba. Can ta yi damina huɗu tana sussuka da ɗaukar ruwa a gidan da ba nata ba. Littattafan mahaifinta suka zauna wajen Na Allah, wanda har ya rasu bai sake amsa gaisuwarta ba.