Da Sauƙi, In Ji Umma

Tun ranar da aka sa Manu a mota aka nufi asibitin Gumel da shi, Sha'aibu bai sake sa shi a ido ba. Lokacin gero yana fara fitar da kai ne. Ga shi yanzu har an yanke riɗi an jingine shi yana bushewa a gonakin Ɗanzomo.

Shekarunsu sha uku-uku. Sha'aibu ɗan cikin gari ne, babansa yana sayar da hatsi a kasuwa. Manu kuwa daga rugar bayan gari yake takowa makaranta. Benci ɗaya suke zama, keke ɗaya suke hawa, na Sha'aibu, amma Manu ke tuƙawa, wai Kaɗo, wato Bahaushe, bai iya ratsa yashi ba. Ana nan sai ƙafafun Manu suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga, fuska ta biyo baya. Yara suka yi ta tsokanarsa wai ya shanye nonon garkensu shi kaɗai. Daga baya aka ji cewa ƙoda ce.

Safiya, mahaifiyar Sha'aibu, ta daɗe tana sayen nono a hannun Baraka, uwar Manu, har ciniki ya zama zumunci. Saboda haka takan shirya kunu a jug ta tafi dubiya. Duk ranar da ta je, a zaure Sha'aibu yake tsare ta.

“Umma, ya jikinsa?”

“Da sauƙi.”

“Ya tambaye ni?”

“Yana gaishe ka.”

“In za ki koma zan bi ki.”

“Asibiti ba wurin yara ba ne. Ka bari ya dawo, ai kamar gobe ne.”

A kan wannan magana Sha'aibu ya kafa zuciyarsa. Da malamin aji ya tambaya, ya miƙe ya ce da sauƙi. Da Bilal, wani ɗan ajinsu, ya so ya gaje wurin Manu a benci, Sha'aibu ya ture masa jaka ƙasa ya ce mai wurin yana hanya. Ya ci gaba da buga ƙwallo da yamma, ya ci tuwonsa ya ƙoshi, yana tara labaran da zai ba Manu: wanda aka zane, wanda akuya ta cinye wa littafi, wanda ya fara aske gemun da bai fito ba.

Wata ranar kasuwa ya hango Khairiyya, yayar Manu, zaune a layin masu nono da ƙoranta a gaba. Ta jima ba ta zuwa. Ya jingine keke ya tafi da murmushinsa.

“Adda Khairiyya! Yaushe za a sallamo mutumin nan ne? Ko gadon asibiti ya yi masa daɗi?”

Ta ɗago ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar.

“Au, Sha'aibu ne? Na ɗauka kun yi ƙaura Maigatari.”

“Ƙaura kuma?”

“To me zan ce? Yana gida tun kafin a sa wa riɗi lauje. Daga Gumel aka tura mu Kano, daga Kano suka ce mu dawo da shi.”

Sha'aibu ya washe baki. “Ashe ya warke! Shi ne ba wanda ya gaya mini?”

Khairiyya ta daɗe tana kallonsa, kamar tana auna ko iskanci yake yi mata. “Wanda ya warke da ƙafarsa yake shiga gida,” in ji ta. “Shi ɗauko shi aka yi. Ummarka ta zo rugar ma, ta gan shi. Duk zuwan da ta yi sai ya ce, ina Sha'aibu? Ta ce jarrabawa. Ya sake tambaya, ta ce ka bi babanka kasuwar Gagarawa. Yanzu ya daina tambaya. Ni dai na ce masa, abokin keke daban, abokin tabarma daban. Matsa, kana tare mini masu saye.”

Bai san yadda ya iso gida ba. Keken ma a kasuwa ya baro shi. Safiya tana tsakar gida tana tankaɗe, gari ya yi mata fari a hannu.

“Umma, Manu yana gida.”

Rariyar ta tsaya. Ba ta ɗago ba.

“Kin ce da sauƙi.”

“To me kake so in ce? Ka taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ce babu sauƙi? Bakinmu ba ya faɗin haka, sauƙi na Allah ne.”

“Kin ce masa na tafi Gagarawa. Yaushe na je Gagarawa?”

“Kai, rage murya. Da uwarka kake magana.” Ta ajiye rariyar, ta goge hannu a zane. “Ni da babanka muka yanke. Ka manta yadda ka yi da Ilu ya rasu? Ka ga yayanka a kwance, ka daina ci, ka daina magana, sai da aka yi ta yi maka rubutu kana sha. Na binne ɗaya, ba zan zuba ido ɗayan ya bi shi da rai ba. Ba ka ga yadda yaron nan ya koma ba, Sha'aibu. Ni na gani.”

“Shi kuma ya ga ban zo ba.”

Ta ɗauki rariyar ta sake ajiyewa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san inda zai ajiye fushinsa ba. Da ta yi don mugunta ne, da abin ya zo da sauƙin ɗauka. Amma ga idonta ya kawo ruwa, ga sunan Ilu a bakinta. Ta tsare shi ne kamar yadda ake tsare jariri daga wuta, sai dai da sunansa ta yi, da bakinsa ta ba Manu amsa, ta mayar da shi mutumin da jarrabawa ta fi masa aboki. Wanda ya ɓoye maka ciwo don yana son ka, da wanda ya sayar da kai, ta yaya za su zama mutum ɗaya?

“Zan tafi yanzu,” ya ce.

“Tsaya in ɗauko mayafi. Ba za ka je kai kaɗai ba.”

Bayan la'asar suka isa rugar. Shanu ba su dawo ba tukuna, sai 'yan maruƙa a ɗaure. Baraka ta fito ta tarbe su, aka yi doguwar gaisuwa, ya gida, ya mai jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi, amin. Sha'aibu yana tsaye yana jin kalmar tana wucewa daga baki zuwa baki kamar ƙwaryar ruwa.

A cikin bukka duhu-duhu ne, ga warin magani. Sai da idonsa ya saba sannan ya gane abin da ke kan gadon kara. Fuskar ta cika har idanun sun zama 'yan tsaga, hannuwan kuwa sun rame kamar sillen kara. Sha'aibu ya ja da baya. Ya riƙe bakin ƙofa, ya ji hannun ummarsa a kafaɗarsa, ya zame daga hannun.

Ya durƙusa. “Manu. Ya jiki?”

Manu ya dube shi, sannan ya mayar da ido rufin bukka.

“Da sauƙi,” ya ce, irin yadda ake faɗa wa baƙon da ya biyo hanya.

Matan suka zauna a tabarma.

“An gama jarrabawar?” Muryar Manu ta shaƙe, amma tsokanar tana nan, sai dai yanzu da kaifi. “Na ɗaya ka zo, ko? Da irin wannan karatu ai sai na ɗaya. Ya Gagarawa? An yi ciniki?”

Baraka ta yi masa magana da Fulatanci, a hankali, alamar tsawatarwa.

Sha'aibu ya juya ya dubi ummarsa. Magana ɗaya ce za ta wanke shi, kuma ba a bakinsa take ba. Ɗa ba ya ƙaryata uwarsa a gaban mutane, balle a gidan da ta zo da kunu da addu'a. Amma ita tana iya faɗa. Da ma ta ce, Manu, ni ce na hana shi, bai ma san ka dawo ba. Ya zuba mata ido yana jira. Ya ga leɓenta ya motsa. Ta dubi Baraka, wadda ta daɗe tana ganin girmanta, ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi.

“Ai yara ne,” in ji Safiya. “Ga shi dai ya zo. Allah ya ba ka lafiya, Manu.”

Karo na biyu ke nan ta bar laifin a kan Sha'aibu. Na farkon ta yi shi ne a bayan idonsa, yana iya cewa tsoro ne. Wannan kuwa yana durƙushe a gabanta ta yi.

“Ban san jikin ya kai haka ba,” ya ce wa Manu. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan.

“Ba ka sani ba.” Manu ya ja numfashi da ƙyar. “Me aka ce maka?”

“An ce da sauƙi.”

Manu ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, “Kai ma ka zama baƙo a garin nan? Kakata ranar da za ta rasu, da safe an tambaye ta, ta ce da sauƙi. Kowa ya san wannan maganar, Kaɗo. Da ka so sani da ka sani. Nan da gidanku ba Makka ba ce, kana da keke.”

Sha'aibu ya sunkuyar da kai. Ya tuna yammacin da yake wucewa ta bakin hanyar rugar zuwa filin ƙwallo, bai taɓa karkata kan keken ya tambayi ko mai kiwo ɗaya ba. An miƙa masa kalma mai daɗi, shi kuma ya karɓa hannu biyu, domin ta bar shi ya yi barci.

Manu ya juya fuska ga bango.

Can Safiya ta miƙe, ta yi wa Baraka sallama. “Tashi mu tafi kafin magariba,” ta ce.

“Ki je, Umma.”

“Sha'aibu.”

“Ki je. Gobe ma daga makaranta nan zan yo, kada a jira ni da abinci.”

Bai dube ta ba. Ya ji ta tsaya a bakin ƙofa, ya ji Baraka tana cewa a bar shi, Khairiyya za ta rako shi. Sannan takun takalminta ya yi nisa a cikin yashi.

Ya ɗauki mafici a gefen gado ya fara kore ƙudajen da ke sauka a ƙafafun Manu. Ba wanda ya ce masa ya yi, ba wanda ya ce ya bari. A waje shanu suka fara shigowa, maruƙa suna kuka. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya fara da akuyar da ta cinye littafin Bilal. Ya ba da labarin har ƙarshe, bangon kara kawai yake amsa masa.

“Ban yafe ba,” in ji Manu, bai juyo ba.

“Na sani.”

“Kuma fifitar taka ba ta zuwa nan. Matso ta wajen kai.”

Sha'aibu ya ja gwiwa ya matsa.