Samfefa a Fuskar Auta

Duk wanda ya san Mai Fenti ya san hannunsa. In ƙofar mota ta yi tsatsa, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ba ya neman shawarar kowa. Zai goge da samfefa har ƙarfe ya fito fari, ya wanke da tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, sannan ya fesa sabo. Shekara goma sha ɗaya yana haka, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ƙanensa Auta ya kai ashirin, tun yana sha huɗu suke gareji tare, kuma bai taɓa son wurin ba. Ran Alhamis ya zo da labari: wani mai kantin waya zai ɗauke shi tsaron kanti, ya fara Litinin.

"Sai dai ya ce in san yadda zan yi da fuskata, Yaya. Wai mai saye fuska yake fara kallo."

Mai Fenti ya kama masa haɓa ya juya ta wajen haske. Goshi, kumatu, har gefen wuya duk ƙuraje ne, wasu ja, wasu da farin kai, tsofaffin sun bar baƙin tabo.

"Wannan ai ba fuska ba ce," in ji Mai Walda, maƙwabcinsu, yana kakkaɓe tabaransa. "Titi ne bayan damina."

"Naka bakin ya fi titin rami," Auta ya ce, ya fizge kansa.

Mai Fenti bai yi dariya ba. Shi ya goya Auta tun rasuwar mahaifinsu, kuma yana so yaron ya fita daga baƙin mai ya sa riga mai tsabta. Kwana biyu yana juya abin a ransa. A ganinsa datti ne ya shige ƙarƙashin fata, kamar yadda ruwa ke shigewa ƙarƙashin fenti. Kuma ya san maganin wannan.

Asabar da hantsi ya yanko samfefa mafi laushi, wadda yake ajiye wa motocin manya, ya jiƙa ta a ruwa, ya tsiyayi tina a murfin gwangwani.

"Auta, zo zauna nan."

Auta ya dubi abin da ke hannunsa ya yi dariya. Da ya ga ba wasa, sai ya ja da baya.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa? Ni mota ce?"

"Minti biyar. Kafin Litinin sabuwar fata ta fito."

"Wallahi kada ka taɓa ni!"

Ya juya zai gudu, Mai Walda ya tare shi ya rungumo shi ta baya, yana dariya, yana cewa ango ba ya ƙin wanka. Suka faɗi kan tsohuwar kujerar mota. Mai Fenti ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya riƙe gashin kansa, ya ɗora samfefar a kumatun dama. Goga uku, ƙurajen suka fashe, jini da mugunya suka haɗu da ruwan. Auta na shure-shure, yana kiran mahaifiyarsu. Mai Fenti ya cije leɓe ya koma goshi. Shi ma abin na masa zafi, amma ya san aikin da aka bari rabi ya fi wanda ba a fara ba muni.

Da ya tsoma tsumma a tinar ya ɗora masa ne Auta ya yi wata ƙara da ta sa Mai Walda ya sake shi. Hannun Auta ya laluba ƙasa ya samu sifana. Bai duba ba ya kai duka. Ƙarfen ya sauka a bakin yayansa, haƙori ɗaya ya faɗa cikin murfin tinar. Ya ƙara na biyu a kafaɗa, ya tashi yana laluben famfo ido rufe, yana ture gwangwanaye.

A asibitin unguwa, wata nas mai furfura ta daɗe tana zuba wa fuskar ruwa. Tinar ba ta shiga idon ba, saura kaɗan. Ta juyo ga Mai Fenti, wanda ke tsaye da tsumma a baki.

"Kai ne gwanin?"

"Datti nake so in fitar, Hajiya."

"Wane datti? Ɗana, wannan ba ƙazanta ba ce. Fatarsa ce mai yawan maiƙo, ƙofofin gashi su toshe, su kumbura. Ga baƙin man da yake shafa wa fuska da hannu duk yini. In ka dirje, ƙara hura wuta kake. In ka matse, tabo ka saya." Ta liƙa bandeji a kumatun. "In ciwon ya warke, sabulu mai sauƙi, safe da yamma, da tafin hannu kawai. Ya goge da tawul nasa shi kaɗai. Zan rubuta man da zai riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Sai ya yi kamar wata biyu kafin a ga canji."

"Wata biyu? Litinin zai fara aiki."

"Da ka bar shi, da ya je da ƙurajensa. Yanzu zai je da aikinka."

A gida mahaifiyarsu ba ta tambayi ba'asi ba. Ta cire takalminta ta bi Mai Fenti da shi daga ƙofar ɗaki har bakin titi, ƙato mai gemu yana kare kai da hannu, yana cewa, "Inna, gyara na so yi."

Litinin Auta ya sa farar rigarsa ya fita, rabin fuska a bandeji, goshi ya yi ɓawon ciwo. Mai Fenti ya bi shi daga nesa, ya tsaya tsallaken titi yana leƙe ta gilashin kantin. Ya ga mai kantin ya dubi Auta sau ɗaya, ya kau da kai, ya girgiza hannu. Bai san lokacin da ya tsallaka ba.

"Ni na yi masa! Ba ciwo ba ne, ni ne!"

"Malam, fita min daga kanti."

"Ka ba shi wata biyu kawai."

"Na ce fita!"

Mai Fenti ya ci kwalar mai kantin ya jawo shi ta saman kanta, wayoyi biyu suka zube. Niyyarsa roƙo, amma hannunsa bai iya roƙo ba. Mai gadi ya shigo da kulki, ya sauke masa a gadon baya, ya ƙara a ƙauri, ya ja shi ƙiii har waje ya yar a bakin kwata. Mai kantin na huci daga ƙofa, yana rantsuwa ko fuskar Auta ta zama madubi ba zai taka masa kanti ba.

Mutane suka watse. Auta ya tsaya a kansa, farar rigar ta yi ɗigon jinin da ba nasa ba. Ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi.

"Gareji kam na bar shi. Zan zauna gida in yi abin da matar nan ta ce, in na warke in nemi wani wurin da kaina."

"To, Auta."

"Kuma in ka sake ko kallon fuskata, sauran haƙoran ma ka yi musu bankwana."

"To."

Suka kama hanyar gida, Auta a gaba, Mai Fenti na ɗingishi a baya, idonsa a ƙasa.