Zaren da Ya Rage

Shekara ashirin da tara ina kai ɗaliban ƙasashen waje ƙauyen Kaka Bualai, gabas da birnin Khon Kaen a ƙasar Thailand. Wata guda suke yi. Su dasa shinkafa har ƙugu ya sage, su ci da hannu, da sassafe su zauna shiru a haikali. Karatuna ɗaya ne kullum: a ajiye littafin rubutu, a sa jiki. Ni mai faɗar kuwa, nawa littafin yana hammata.

Bana ce tafiyata ta ƙarshe, na yi ritaya daga jami'a. Ban gaya wa kowa a ƙauyen ba, don gaskiya tsoro nake ji. In babu ɗalibai a bayana, da wace hujja zan sake hawa matakalar gidan Kaka Bualai?

Ranar bankwana aka yi ɗaurin zare yadda aka saba. Tsofaffi kan ɗaura wa matafiyi farin zare a wuyan hannu, su kira kurwarsa ta dawo jiki kada ta ɓace a hanya. Ni dai wurina sananne ne, a durƙushe bayan ɗalibai, ina juya addu'ar zuwa Turanci.

An gama da na ƙarshe, ina tattara takarduna, sai Kaka Bualai ta ɗaga zare ɗaya da ya rage.

"Somjit, matso."

"Ai sun ƙare, Kaka. Su goma sha biyu ne."

"Na iya ƙirga, 'yar boko. Direbanku ya ce kin ajiye aiki. Shekara nawa kina kawo mini 'ya'yan mutane su koyi zama, ke ko sau ɗaya ba ki miƙo hannu ba?"

"To wa zai yi fassara?"

"Kurwar taki Turanci take ji?"

Na miƙa. Ta ɗora mini dafaffen ƙwai da curin shinkafa a tafi, ta shafa zaren a hannuna, ta fara kira. Ban ankara ba bakina ya kama aikinsa, na waiga wajen ɗalibai na ce, "Tana cewa..."

Ta ɗan buge mini gwiwa. "Yi shiru. Wannan ba nasu ba ne."

Na saurara. Kalmomin da na fassara sau ɗaruruwa, ranar na fara jin su: dawo gida, dawo ki ci shinkafa, kin daɗe a hanya. Na yi kuka a gaban ɗalibaina, kuma ban ji kunya ba.

Ta ƙulle zaren tam, ta zare littafin daga hammatata ta miƙa wa wata ɗaliba.

"In an fara girbi ki zo," in ji ta. "Ke kaɗai."