Waldar da Ba a Sa Shi Ba

Malam Halliru ya zo Dubai ne don a cire masa yanar ido. An cire, idon ya washe, sai zama ya ishe shi. Ɗansa Mubashir yana can saman wani bene a Al Muraqqabat. Mutumin da ya tsufa a Ƙofar Ruwa da injin walda a hannu bai saba kallon titi ta gilas ba.

Mubashir ɗan fari ne. Halliru bai taɓa zama hira da shi ba, kuma ba ya tambayarsa abu sai dole. Shi ma yaron ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba.

Wata safiya tsohon ya ce, "An ce kuna da gareji."

"Wani ɗan lungu ne, Baba, ni da Salmanu muka kama a Ras Al Khor."

"Ka kai ni."

Salmanu abokin Mubashir ne, mai tura kayan mota Kano, bakinsa ba ya hutawa. Ya tarbi tsohon da ihu. "Yau ga masu sana'a! Baba, ku rufa mana asiri, mu 'yan koyo ne."

A tsakiyar garejin akwai wata tsohuwar mota doguwa. Babu gilas, babu kujera sai ta direba, an like ƙofofin da walda.

"Wannan fa?"

Salmanu ya kalli Mubashir. Mubashir ya kalli ƙasa. "Gyara muke, Baba."

Ba gyara suke ba. Lokacin sanyi ana yin gasar karon motoci a wani fili bayan gari. Direbobi su yi ta dukan juna da tsofaffin motoci, wadda ta rage tana motsi ita ta ci. Mubashir ne zai tuƙa wannan. Ya san abin da ubansa yake cewa a kan masu ɓarna, shi ya sa ya yi shiru.

Halliru ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. A bayan tayoyin baya an yanke shasi, ƙashin bayan motar, dama da hagu, kusan rabi. Ya sha ganin motar albasa ta karye a daidai nan, mutane a ciki. Ya ɗauka wani ma'aikaci ne ya cuci yaron, yaron kuma bai sani ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ba a nuna wa ɗa kuskurensa a gaban abokinsa.

Washegari ya ce a bar shi a garejin ya sha iska. Da suka tafi aiki ya tuɓe riga. Ya samo ƙarfe mai kauri, ya yanka daidai, ya ɗora a kowane gefe, ya bi da walda. Ya goge da giranda har hannu ba ya jin tudu. Sannan ya shafa baƙin fenti, ya bi da tsohon baƙin mai da ƙasa, don kada wani ya leƙa ya gane an taɓa yin shirme a motar ɗansa. Ya wanke hannu, ya zauna yana jan carbi.

Ranar Asabar aka ɗora motar a kan babbar mota. Halliru ya sa farin kaftani.

Mubashir ya ce, "Baba, wurin akwai nisa, ga rana."

"Inda motar za ta, can za ni. Ina son ganin mai saye."

A hanya Salmanu ya faɗa masa gaskiya, yana yi yana dariyar tsoro. Tsohon ya juyo ya kalle shi.

"Motar da ke tafiya za ku farfasa?"

"Baba, ai dama gawa ce, bola za a kai ta."

"Almubazzarai."

A bakin filin motoci sun yi layi. Wani Balarabe mai duba motoci yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tocila da ƙaramar guduma. Da ya zo kan motar Mubashir, ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya kankare da wuƙa, sabon ƙarfe ya yi ƙyalli.

Ya fito yana faɗa, Turanci da Larabci a haɗe. Direbobi suka taru, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ya ɗauko jan fenti ya ja layi a kan lambar motar.

Mubashir ya leƙa sau ɗaya. Tun yana yaro ya san wannan waldar. Ya miƙe, ya faɗi wata gajeruwar magana da Turanci, ya sunkuyar da kai. Wani ya yi tsaki. Wani ya tofar da yawu kusa da taya.

Halliru ya kama hannun Salmanu. "Me ake cewa?"

"Ba komai, Baba, shwaiya, 'yar matsala ce."

"Kai! Ni sa'anka ne?"

Salmanu ya ce, "Doka ta hana ƙara ƙarfe a shasi. Yankan nan da gangan muka yi, kowa yana yi. Idan aka yi karo, bayan motar ya naɗe sama, ya shanye dukan. Idan ya yi tauri, wanda ka daka shi zai karye. To an ƙara, kuma an ɓoye da baƙin mai. Ya ce wannan ha'inci ne. Za su kori Mubashir gaba ɗaya, su faɗi sunansa a lasifika."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce shi ya yi."

Halliru ya taka har gaban Balaraben, Salmanu yana biye.

"Faɗa masa ni na yi. Yaron bai sani ba."

Mubashir ya ce, "Baba, don Allah ku bari."

"Rufe min baki. Kai, faɗa masa."

Salmanu ya faɗa. Balaraben ya kalli farin gemun, ya kalli kaftanin, ya yi tambaya.

"Ya ce me ya sa kuka ɓoye?"

"Don kada a ga kuskurensa."

"Ya ce wane kuskure?"

Wani a baya ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Tun da Halliru yake ba a taɓa yi masa dariya a kan ƙarfe ba. Ya tsaya kawai, hannuwansa a gefe.

Balaraben ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce khalas, shi ke nan Alhaji, ya yarda. Amma sai an cire ƙarfen a gabansa kafin ya goge jan layin. Ya ce wanda ya sa ƙarfen shi zai cire."

Aka kawo giranda da doguwar waya. Halliru ya cire hula ya miƙa wa Salmanu, ya kwanta a yashi da kaftaninsa, ya shige ƙarƙashi. Waldar ta kama sosai, ta ƙi ba da hanya. Tartsatsi yana zuba a ƙirjinsa yana huda farin yadin. Can cikin filin aka busa ƙaho, injina suka yi ruri, aka fara gasar ba tare da su ba. Yana jin ƙarfe yana dukan ƙarfe, mutane suna ihu.

Mubashir ya durƙusa a gefen taya. "Baba, ku fito in ƙarasa."

"Haska min nan."

Ya haska. Ƙarfen farko ya faɗi a yashi. Na biyu ya fi ba da wuya. Da ya faɗi, Balaraben ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya jiƙa tsumma da fetur ya goge jan layin. Ya ce wa Mubashir ya dawo mako mai zuwa, sunansa yana nan.

Halliru bai fito nan da nan ba. Ya jira ƙafafun da ke kewaye da motar suka watse. Sannan ya ce a miƙo masa hularsa.