Muryar Malam Sa'idu

Mai gyaran waya a kasuwar Hunkuyi ya miƙo wa Bilki wayarta yana washe baki, wai ya wanke ta tas, yanzu sai gudu kamar sabuwa. Nan gefen rumfar ta lalubi wurin da ta saba dannawa, ta tarar wayam. Da ta tambaye shi ina saƙonnin muryar da ke ciki, ya ce ai su ne suka cika wayar har take ɗaukewa, shi ya sa ya share.

Saƙonnin mijinta ne, Malam Sa'idu, wanda ya rasu da damina. Fataucin masara yake yi zuwa kudu, ita kuma ba ta yi boko ba, don haka da baki yake aiko mata komai. Kada wani ya zaci kalaman soyayya ne. Gyaran murya ne, da tari, da ƙarar mota, sai tambayar ko an ba awaki ruwa. Amma tun rasuwarsa su ne abokan hirarta. Ranar ta koma gida Likoro tana kuka a bayan babur, ba ta ko damu da masu kallo ba.

Da Asabar ɗanta na fari, Salman, ya zo daga Kaduna inda yake aikin kwamfuta. Ya ce ta share hawaye, yanzu akwai na'urar da ke koyon muryar mutum ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Ya riga ya ciro muryar mahaifinsa daga bidiyon bikin ƙanwarsa Murja. Bilki ba ta gane bayanin ba, amma ta gyara zama a kan tabarma.

Ya danna wayarsa. Muryar Malam ce, har da ɗan kaushin nan nata, sai dai sumul take, ba tari, ba gyaran murya.

"Bilki, ina gaishe ki. Ki kwantar da hankalinki. Ki gaya wa Salman ina alfahari da shi."

"Kashe," in ji ta. "Ba shi ba ne."

Salman ya ce ta ƙara saurare da kyau.

"Kai, tun da ka zo duniya ka taɓa jin ya kama sunanka?"

Ai kuwa bai taɓa ba. Malam mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. "Yaron nan" yake cewa, da yaro ya girma ya koma "mutumin Kaduna", kuma a haka ya koma ga Mahaliccinsa.

Salman ya sunkuyar da kai yana juya wayar a hannu.

"Na sani, Inna. Ni na rubuta masa. So nake na ji ko sau ɗaya ne."

Ya tashi ya fita zaure. Tana daga tsakar gida tana jin yana maimaita wurin nan guda, yana sake maimaitawa. Tausayinsa ya kama ta, don ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba. Ta je bakin zaure ta tsaya, ta buɗe baki, sunan na nan a kan harshenta.

"Kai," ta ce, "taso ka ci abinci, zai huce."