Ƙullin Bahaguwa

Kulu na cikin warware abin wuyan da ɗalibarta Zahra ta shirya, tana zuba faɗa, aka yi sallama a ƙofar zaure.

"Wannan jan da kika jera kusa da shuɗi, a ina kika taɓa ganin haka? Ku shiga gona ku buɗe ido mana! Furen wake bai taɓa kuskuren kala ba."

Haka take koyarwa shekara da shekaru a zauren gidanta na Kankiya. Duk zubin da ta fitar, daga abin da idonta ya gani ta ɗauko shi, kan dawa ne ko bayan ƙadangare. Mata na zuwa har daga ƙauyukan Kusada su koyi shirya duwatsun ado, su sha faɗa, gobe su dawo.

Mai sallamar Malam Dikko ne na Dudunni, mahaifin ɗalibarta Maimunatu, wadda 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar gida tun kafin girbi. Daga ranar ko labarinta ba a ji ba. Tsohon ya rame ƙwarai. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ciro wani tsumma daga aljihu, ya miƙa wa Kulu.

"Malama, 'yan sa-kai suka tsinci gawar mace cikin daji. Ba ta ganuwa, nan suka rufe ta. Wannan ne a wuyanta. Uwar Maimunatu ta ce ba ta karɓar gaisuwar kowa sai kin duba. In ba na ɗiyata ba ne, mu ci gaba da jira."

Kulu ta buɗe tsumman. Baƙaƙen duwatsu ne da ɗigon fari jefi-jefi, ƙasa ta shiga tsakaninsu. Zubin zabuwa. Ita ta ƙirƙiro shi wata damina da zabi suka cika mata tsakar gida, kuma duk ɗalibarta ta iya shi.

"Ai irinsa da yawa, ko?" in ji Malam Dikko. "Ta sha kai su kasuwa. Kowace mace na iya saye."

Gaskiyarsa ce, kuma Kulu ta so ta tsaya a nan. Wallahi ta so. Amma yatsunta sun riga sun gangara ƙarshen zaren, inda ake ƙulli, don ta nan take fara duba aikin kowa.

Ƙullin a juye yake.

Maimunatu bahaguwa ce. Ranar da ta gama abin wuyanta na farko, da hagu ta ƙulle shi, ta kawo tana murna. Kulu ta mayar mata, ta ce wannan ba zai shiga kasuwa da sunan zaurenta ba, ta rataya abinta a wuya. Daga nan ta tsare yarinyar har ta koyi ƙulli da dama. Duk wanda ta sayar bayan haka ƙullinsa daidai yake da na kowa. Mai juyayyen ƙulli guda ɗaya ne tak, kuma ba ta cire shi ko za ta yi wanka.

Kulu ta daɗe tana murza zaren. Tsohon na kallon bakinta. In ta ce ba ta sani ba, zai koma Dudunni da sauran fata, uwar kuma ta ci gaba da zabura duk lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida.

"Baba," ta ce, "nata ne. Ku karɓi gaisuwa. Allah ya jiƙanta."

Malam Dikko ya yi salati a hankali, sai a lokacin ya zauna. Can ya ce uwar Maimunatu za ta so ta ajiye abin wuyan, ko za a wanke masa ƙasar.

Zahra ta taso da kwanon ruwa. Sabuwar zuwa ce, ba ta san Maimunatu ba. Ta karɓi abin wuyan, ta juya ƙarshensa kamar yadda aka koya mata.

"Malama, ƙullin nan ba daidai yake ba. In warware in gyara?"

Kulu ta riƙe mata hannu.

"Wanke kawai," ta ce. "Kar ki taɓa ƙullin."