Hoton Bakin Tafkin Chadi da Shanun Malam Bubayero

Mutum uku wannan labari ya shafa: Malam Bubayero, makiyayi a wata ruga kusa da Jahun; matarsa Inna Gaji; da Idirisu, mai ɗaukar hoto a Dutse.

A shagon Idirisu akwai wani tsohon hoto, baƙi da fari, wanda mahaifinsa ya ɗauko a bakin Tafkin Chadi. Ruwa ne iyakar ganin ido, ga ciyawa, ga shanu masu manyan ƙahoni tsaye cikin ruwa har ƙirji. Yawancinmu ba mu taɓa zuwa can ba, saboda haka abin da ke cikin hoton shi ne tafkin a wurinmu.

A wata bazara ruwan sama ya makara, masu lambu kuma sun killace mashaya, shanun Malam Bubayero suka fara faɗuwa har suka rage tara. Ya je Dutse yin hoton katin shaida, ya tsaya gaban hoton nan ya kasa motsi.

"Idirisu, ciyawar nan gaskiya ce?"

"Gaskiya ce, Baffa, amma hoton ya girme ni. An ce ruwan ya ja baya."

"Ruwa mai yawa haka? Ina za shi?"

Da ya koma ruga ya faɗi niyyarsa, Inna Gaji ta ce, "Malam, hoto shanun za su sha? Ka sayar da biyu ka sayo dusa."

"Biyu yau, biyu gobe. Jibi ke zan kora kiwo?"

Ya samu motar shanu da ke komawa gabas ba kaya, ya loda duka taran.

Bayan kwana shida ya kira ta a waya.

"Gaji, na iso inda suka ce nan ne. Rairayi ne da ƙaya. Ruwan yana gaba, tafiyar yini biyu, kuma an hana wucewa."

"Nawa suka rage?"

Ya waiwaya ya dubi shanun.

"Biyar. Jar saniyarki ta kwanta tun safe, ina ta ɗaga ta."

"Bar ta, Malam! Ka kawo sauran gida."

"Ko tsayuwa ba sa iyawa, Gaji. Yaya zan hawar da su mota?"

Duk wanda ya ga inda na yi kuskure, ina roƙonsa don Allah ya gyara mini.